Babi na Shida: Furen Wardi da Begen Bazara a Ƙasashen Sanyi

A arewacin Turai, Kanada da arewacin Amurka, itacen wardi yakan shafe kusan rabin shekara babu ganye balle fure. Daga Nuwamba zuwa Maris, abin da mai lambu yake gani idan ya leƙa ta taga bai wuce 'yan sanduna masu ƙaya da suka tsaya cikin laka ko dusar ƙanƙara ba. Rana ma ba ta daɗewa. A Landan, yinin ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. A Stockholm, babban birnin Suwidin, awa 6 ne da 'yan mintoci. Idan Yuni ya zo kuma, Landan takan sami haske na fiye da awa 16, Stockholm fiye da 18. A Kano, tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma da hunturu ne lambunan fadama suke kore shar. Can abin a juye yake. Sanyi ne ke rufe lambu, bazara ta buɗe shi, kuma bazararsu ba mai ƙuna ba ce, lokaci ne na ɗumi da yayyafi jefi-jefi da doguwar yamma.

Begen haske ba ƙaramin abu ba ne a waɗannan ƙasashe. A 1984 likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani ciwon damuwa da ke zuwa idan yini ya gajarta, ya tafi idan haske ya dawo. Mai shi yakan yi fama da yawan barci da mutuwar jiki, kuma cikin magungunansa har da zama gaban fitila mai tsananin haske da safe. Galibin mutane nasu bai kai ciwo ba, kewa ce kawai, sai dai tana da nauyi.

Cikin duk furannin da suke shukawa, babu wanda suke haɗawa da bazara a zuciya kamar wardi. Yana buɗewa ne a makonnin da yini ya fi tsawo, ƙamshinsa na zama a ƙwaƙwalwa har bayan wata shida, kuma kowane iri yana da sunansa. Shi ya sa idan masu lambu suka haɗu a Janairu, zancen wanda kowa ya fi so ba ya ƙarewa. Tarihin wardin lambu ma, idan aka bi shi daga tushe, yawancinsa ƙoƙarin mutanen ƙasar sanyi ne na tsawaita bazara: su sami itacen da zai daɗe yana fure, ya kuma tsallake hunturu da ransa.

Yadda itacen ke tsallake sanyi

Da zarar dare ya fara tsawo a Satumba da Oktoba, sai wardi ya daina fitar da sabon toho, ya janye abincin da ke cikin ganye zuwa rassa da saiwa, sannan ya zubar da ganyen ya kwanta. Ruwan jikinsa yakan ragu, sukari ya ƙaru, kuma ruwa mai sukari ba ya saurin daskarewa. Shirin yana cin makonni. Saboda haka ne ake daina zuba masa taki tun ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, domin reshen da ya fito a makare yana da taushi, daren farko na ƙanƙara zai baƙanta shi.

Yawancin wardin da ake sayarwa mai aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ana ɗauko ido ɗaya daga irin da ake so, a tsaga ɓawon wardin daji mai ƙarfin saiwa, a cusa idon a ɗaure. A Turai an fi amfani da saiwar Rosa canina da wani danginsa da ake kira ‘Laxa’, a Amurka kuma ‘Dr. Huey’. Wurin auren yakan kumbura ya zama gaɓa, kuma nan ne ran itacen yake. Idan sanyi ya kashe rassan sama gaɓar ta tsira, wardin zai dawo yadda aka san shi. Idan ita ce ta mutu, abin da zai tsiro daga ƙasa na saiwar ne. Dalili ke nan da a tsoffin unguwannin Amurka ake yawan ganin jan furen ‘Dr. Huey’ a wuraren da masu gida suka dasa wani abu dabam.

Tsananin sanyi yana kisa, amma sauyin yanayi ya fi shi ɓarna. Rana ta fito a Fabrairu ta ɗumama reshe, ruwan ciki ya narke, dare ya yi ya sake daskarewa, ɓawo ya tsage. Busasshiyar iska kuma tana tsotse ruwan reshen a lokacin da saiwa ba ta iya sha, tunda ƙasa ta zama dutse. Dusar ƙanƙara, wadda baƙo zai ɗauka ita ce abokiyar gaba, kariya ce: abin da ta lulluɓe yakan tsira, abin da ya leƙo samanta ya ƙone. Inda ba a da tabbacin samunta, ana tara ƙasa a gindin itacen tsawon santimita 20 zuwa 30, a Jamus kuma a ɗora rassan itatuwan da ba sa zubar da ganye. A jihar Minnesota ta Amurka wasu sukan haƙa rami a gefe, su sassauta saiwa ta ɓangare ɗaya, su kwantar da itacen gaba ɗaya su binne shi har Afrilu.

Ƙarfin saiwar wardi yana da shaida a garin Hildesheim na Jamus. A jikin bangon babbar majami'ar garin akwai wani wardin daji da ake ƙiyasta shekarunsa da wajen 700. A Maris na 1945 jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan bama-bamai, majami'ar ta rushe, itacen ya ƙone ƙurmus. Bayan 'yan makonni sababbin rassa suka ɓullo daga ƙarƙashin ɓaraguzai, kuma har yau yana fure a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni.

Tsoffin wardin Turai

Har ƙarshen ƙarni na 18, kusan duk wardin da ke lambunan Turai sau ɗaya yake fure a shekara. Ya fara a Yuni, ya yi makonni uku zuwa shida, sai kuma baɗi. Dangin Gallica gajeru ne, jajaye ko masu ruwan shunayya, kuma tun ƙarni na 13 garin Provins na Faransa ya yi suna da nomansu domin haɗa magani, saboda fallayen furen ba sa rasa ƙamshi ko an busar da su. Wardin Dimashƙa, wanda ya shigo daga Gabas ta Tsakiya, shi ne sarkin ƙamshi. Dangin Alba dogaye ne, farare ko masu ɗan ruwan hoda, masu jure inuwa da sanyi. Sai Centifolia mai cunkoson fallaye, wanda masu lambun Holan suka inganta, masu zanensu suka cika hotuna da shi.

Daga cikin waɗannan ne masu son tsohon iri suke fitar da gwanayensu. ‘Madame Hardy’, wanda Alexandre Hardy, shugaban lambun Luxembourg da ke Paris, ya fitar a 1832 ya sa masa sunan matarsa, fari ne fat, da ɗan koren ido a tsakiya. ‘Charles de Mills’ ja ne mai duhu da ke rikiɗa zuwa shunayya, fuskarsa a baje, fallayensa a jere tsaf. ‘Rosa Mundi’ kuwa zane-zane gare shi na fari da ja, babu fure biyu da suke daidai. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗayansu da hantsi a tsakiyar Yuni ya san dalilin da ya sa ba a tone su ba, duk da cewa watanni goma sha ɗaya suna tsaye babu abin kallo. Itacen da ke fure sau ɗaya yakan zuba duk ƙarfinsa a wannan karo, har ganye ya ɓace a bayan furanni, kuma kaɗan ne cikin na zamani suke kamo shi a yawan fure a lokaci guda.

Joséphine, matar Napoleon ta farko, ta sayi gidan Malmaison a 1799 ta tara tsirrai daga ko'ina, har da wardi iri-iri. Mai zanen da ya yi mata aiki, Pierre-Joseph Redouté, ya buga zanen wardi kusan 170 a mujalladi uku tsakanin 1817 da 1824, bayan rasuwarta. Har yanzu ana sake buga waɗannan zanuka a kalanda da katin gaisuwa, kuma a bangon ɗakunan da ake hura wuta da hunturu aka fi ganinsu.

Abin da ya zo daga Sin

Masu lambun ƙasar Sin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna renon wardin da ba ya tsayawa: fure ɗaya ya faɗi, wani ya biyo, muddin akwai ɗumi. Jiragen fatauci suka kawo huɗu daga cikinsu Ingila, kuma su ne suka sauya komai. ‘Slater's Crimson’ ya iso wajen 1792, ‘Parsons' Pink’, wanda aka fi sani da ‘Old Blush’, ya bayyana a 1793, ‘Hume's Blush’ a 1809, ‘Parks' Yellow’ a 1824. A ido ba su kai na Turai cika ba, rassansu sirara ne, biyun ƙarshe kuma ragwaye ne a gaban sanyi. Amma suna fure daga Yuni har ƙanƙara ta sauka.

Sai a 2012 masu binciken ƙwayoyin gado suka bayyana sirrin. A jikin wardi akwai wata ƙwayar gado, KSN, wadda aikinta shi ne ta hana itacen sake fure bayan karon farko. A wardin Sin ta lalace, don haka babu mai tsayar da shi. Halin yakan ɓuya a 'ya'yan farko idan aka haɗa shi da mai fure sau ɗaya, sai a jikoki yake fitowa, abin da ya sa masu haɗa iri na ƙarni na 19 suka daɗe suna lalube kafin su dace.

Wani haɗin ma ba da hannun mutum aka yi shi ba. A tsibirin Bourbon, wato Réunion ta yau a tekun Indiya, manoma suna shinge da ‘Old Blush’ da wani wardin Dimashƙa mai ɗan sake fure da kaka. Aka sami barbara tsakaninsu, wajen 1817 aka lura da wani tsiro ruwa-biyu. Daga shi dangin Bourbon suka fito, kuma a cikinsu akwai waɗanda har yau ba a daina so ba: ‘Souvenir de la Malmaison’ na 1843, wanda furensa ke ruɓewa a ƙulle idan ruwan sama ya yi yawa amma masoyansa suke yafe masa, ‘Zéphirine Drouhin’ na 1868, mai hawa bango, marar ƙaya, wanda ake dasawa a bakin ƙofa, da ‘Madame Isaac Pereire’ na 1881, wanda da yawa suke ganin babu kamarsa a ƙarfin ƙamshi.

Zamanin manyan furanni

Masana wardi sun sa shekarar 1867 ta zama iyaka tsakanin tsoho da sabo. A shekarar ce Jean-Baptiste Guillot na birnin Lyon ya fitar da ‘La France’, wanda ake lissafawa na farko a dangin ruwa-biyun shayi. Ana ce musu haka ne domin sun haɗa jinin wardin Sin mai ƙamshin ganyen shayi da na Turai masu jure sanyi. Siffarsu ita ce wadda duniya ta sani yau a matsayin wardi: dogon reshe, fure ɗaya a kai, tsakiyarsa a tsaye, fallaye suna warwarewa a hankali. A 1900 wani ɗan Lyon ɗin, Joseph Pernet-Ducher, ya shigo da rawaya mai haske ta hanyar ‘Soleil d'Or’, bayan shekaru yana haɗa iri da wani wardin rawaya na ƙasar Farisa. Launin ya zo da farashinsa, domin tare da shi aka gaji saurin kamuwa da cutar baƙin ɗigo, wadda ke kakkaɓe ganye tun bazara ba ta ƙare ba.

Babu wardin da ya kai ‘Peace’ suna a ƙarni na 20. Francis Meilland, shi ma daga yankin Lyon, ya haɗa irinsa a 1935. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyoyi, an aika da rassansa ƙasashen waje, kuma da yake sadarwa ta yanke, kowace ƙasa ta raɗa masa nata sunan: ‘Madame A. Meilland’ a Faransa, don tunawa da mahaifiyar Francis, ‘Gloria Dei’ a Jamus, ‘Gioia’ a Italiya. Kamfanin Conard-Pyle na Amurka ya bayyana sunan ‘Peace’ ranar 29 ga Afrilu, 1945, a Pasadena, ana dab da gama yaƙi a Turai, kuma an raba furensa ga wakilan da suka taru a San Francisco domin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Babba ne, rawaya mai taushi, gefensa da ruwan hoda, ganyensa na sheƙi. Ƙamshinsa kaɗan ne. A 1976 Tarayyar Ƙungiyoyin Wardi ta Duniya ta zaɓe shi na farko a jerin gwanayenta.

Mutanen arewa sun bi wata hanyar. A Denmark, gidan Poulsen suka nemi wardin da zai jure sanyinsu ya kuma yi fure tuli-tuli, daga aikinsu dangin floribunda suka samo asali. Wanda ya ciri tuta a dangin shi ne ‘Iceberg’, wanda Reimer Kordes na Jamus ya fitar a 1958. Fari ne, ba ya gajiya, kuma a wuri mai sauƙin sanyi akan same shi da fure har Disamba. Cikin masu hawa bango kuwa, ‘New Dawn’ ne ya zama ruwan dare. Reshe ne da ya sauya hali da kansa a jikin wani wardi mai fure sau ɗaya, ‘Dr. W. Van Fleet’, ya koma mai maimaitawa. An fara sayar da shi a 1930, a 1931 kuma ya zama tsiro na farko da Amurka ta ba takardar mallakar ƙirƙira.

Komawa ga ƙamshi

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 an sami tsawon lokacin fure, an sami launuka masu ɗaukar ido, amma an yi asarar wani abu. Wardi da yawa na lokacin ba su da ƙamshin kirki, itacensu kuma a sandare yake, sai an yi ta feshi kafin ya zauna lafiya. Tsoffin irin suna ta ɓacewa daga kasuwa. Graham Stuart Thomas na cikin waɗanda suka bi lambuna da wuraren renon dashe suna tsinto su. A shekarun 1970 aka dasa tarinsa a lambu mai katanga na Mottisfont da ke Hampshire a Ingila, inda jama'a ke tururuwa kowane Yuni. A Jamus, lambun Sangerhausen da aka buɗe a 1903 yana riƙe da iri fiye da 8,000.

Wani manomi a Shropshire, David Austin, ya yi tunanin haɗa biyun: cikar fure da ƙamshin na da, da maimaita fure na zamani. Na farkonsa, ‘Constance Spry’ na 1961, sau ɗaya yake fure, kuma an ɗauki shekara ashirin da 'yan kai kafin kasuwa ta karɓe shi sosai. A 1983 ya fitar da ‘Graham Thomas’, rawaya mai kauri, wanda aka sa a jerin gwanayen duniya a 2009. A 1986 sai ga ‘Gertrude Jekyll’, mai ruwan hoda, mai ƙaya ƙwarai, mai ƙamshin wardin Dimashƙa tsantsa. Idan aka tambayi masu lambun Biritaniya wanda suka fi so, sunansa na cikin waɗanda ake fara ji. Abin lura ne cewa a irin wannan zaɓe ƙamshi yakan rinjayi girma da launi. Ana iya ɗaukar hoton launi a ajiye, amma ƙamshi sai an jira shi.

Can arewa mai nisa kuwa, tambayar farko ita ce ko itacen zai ga baɗi. Yawancin ruwa-biyun shayi sukan fara lalacewa idan sanyi ya kai digiri 12 zuwa 15 ƙasa da sifili ba a rufe su ba. A Ottawa ta Kanada, Felicitas Svejda ta yi shekaru tana haɗa iri da Rosa rugosa, wardin bakin tekun Japan da Koriya da gabashin Rasha, ta fitar da jerin da ta sa wa sunayen matafiyan da suka binciki yankunan ƙasar. ‘John Cabot’ na 1978 da ‘William Baffin’ na 1983 suna tsayawa a jikin bango cikin sanyin digiri 35 ƙasa da sifili ba tare da mayafi ba. A Finlan kuma abin so shi ne wani ɗan farin wardi mai yawan ƙaya da ke kusan kowane tsohon gidan karkara. Furensa bai fi mako biyu ba, amma yana buɗewa ne daidai bikin tsakiyar bazara a ƙarshen Yuni, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai, kuma da sunan bikin ake kiransa.

Wardi ba a kan kari ba

Neman wardi da hunturu tsohon abu ne. Attajiran Rum sukan sa a kawo musu shi ta jirgin ruwa daga Masar, masu lambunsu kuma suna zuba ruwan ɗumi a gindin itacen don ya yi fure da wuri. Masanin falsafa Seneca ya soki wannan ɗabi'a, yana ganin ta saɓa wa tsarin halitta. Yau jirgin sama ne ke aikin. A gefen tafkin Naivasha na Kenya, da tsaunukan Habasha, Ekwado da Kolombiya, kusa da tsakiyar duniya amma a kan tudu, akwai haske da sanyi-sanyi duk shekara, wardi ba ya kwanciya. Ana yanke shi, a sanyaya, a loda a jirgin dare daga Nairobi zuwa Holan, inda kasuwar Aalsmeer ke rarraba shi. Furen da ke shagunan Turai ranar masoya ta 14 ga Fabrairu yawancinsa ta irin wannan hanya ya biyo. An zaɓi irinsa ne don dogon reshe da daɗewa a cikin ruwa, shi ya sa galibinsa ba ya ƙamshi, kuma mai lambu ba ya ganin ya maye gurbin nasa.

Hanyar da ta fi riƙe ƙamshin ita ce tsohuwa, wato a tatse shi. A kwarin Kazanlak na Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya ana tsinkar wardin Dimashƙa a Mayu da Yuni, tun asuba kafin rana ta kwashe man, a dafa a tukwane a tara tururin. Sai an haɗa kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure kafin a sami kilo ɗaya na mai. Irin wannan wardin ne ake nomawa a tsaunukan Ɗa'if na Saudiyya, wanda ake gauraya ruwansa da zamzam wajen wanke Ka'aba. A gidajen Turai kuma akan busar da fallaye a zuba a kwano da kayan ƙamshi, ko a dafa su da sukari.

Wardin da ba a cire masa busasshen fure ba yakan yi 'ya'ya jajaye da ke zama a reshe har cikin dusar ƙanƙara, tsuntsaye na ci. Suna da sinadarin bitamin C mai yawa. A Yaƙin Duniya na Biyu, da lemo ya daina shigowa Biritaniya, tun daga 1941 aka sa 'yan makaranta da ƙungiyoyin mata suna tsinko su a shingayen gonaki, ana dafa su a yi wa yara ruwan zaƙi. A Suwidin har gobe ana shan romonsu mai kauri da hunturu.

Aikin hunturu

Da yawa daga cikin wardin da za a gani a lambu da bazara, da hunturu aka saye su aka dasa. Masu renon dashe sukan tono itatuwan a Nuwamba, bayan sun kwanta, su kakkaɓe ƙasa, su aika da su da saiwa tsirara. Haka ya fi araha, kuma itacen ya fi saurin kama ƙasa. A Biritaniya ana dasawa daga Nuwamba zuwa Maris, duk ranar da ƙasa ba ta daskare ba kuma ba ta jiƙe sharkaf ba. Inda sanyi ya fi tsanani sai a jira ta narke. Ana jiƙa saiwar na 'yan awoyi, a haƙa rami mai faɗi, a sa ruɓaɓɓen taki, a binne gaɓar auren kamar santimita 5. Ba a son dasa sabon wardi a gurbin tsoho sai an sauya ƙasar wurin, domin yakan tsumbure.

Kafin dashe akwai zaɓe, kuma nan ne bege ya fi yin tasiri. Kundayen talla na masu sayar da iri sukan iso gidaje da kaka, a yi ta juya su a doguwar yamma, ana auna fili a takarda. Hoton da ke ciki na fure ɗaya ne a ranar da ya fi kyau. Ba ya nuna tsawon itacen, ko yadda ruwan sama ke yi masa, ko halin ganyensa a Agusta. Wanda Janairu ya gallaba yakan sayi fiye da abin da filinsa zai ɗauka. Gogaggun masu lambu sukan bi lambunan jama'a a Yuni da Satumba, su sunsuna, su duba ganye, su rubuta suna, sai hunturu ya zo su yi oda daga abin da suka rubuta. A Jamus akwai ƙarin madogara, wato tambarin ADR da aka kafa a 1950, wanda ba a ba wa sabon iri sai ya yi shekara 3 a lambunan gwaji daban-daban, kuma a yanzu ba tare da feshin maganin fumfuna ba. Su ma masu haɗa iri da hunturu suke shuka, domin ƙwayar wardi ba ta tsirowa sai ta sha sanyi na makonni. Daga dubban tsirrai a ɗakin gilashi 'yan ƙalilan ne ke kaiwa kasuwa, bayan shekara 8 zuwa 10.

Aiki na ƙarshe shi ne datsa. A kudancin Ingila ana yin ta a ƙarshen Fabrairu ko Maris. Jamusawa kuma suna jira sai itacen forsythia ya yi furensa rawaya, alamar cewa mugun sanyi ya wuce. Ana fara cire matattun rassa da masu cuta da waɗanda ke gogar juna, sannan a rage sauran, ana yanka kaɗan a saman idon da ke kallon waje don tsakiyar itacen ta sha iska. Ruwa-biyun shayi ana rage su sosai, a bar ido huɗu zuwa shida a kowane reshe, saboda a sabon reshe suke fure. Masu fure sau ɗaya ba a taɓa su yanzu, domin furen bana yana jikin reshen bara. Nasu sai bayan sun gama a Yuli. Daga nan a baje tudun ƙasar da aka tara a gindi, a zuba taki, a fara duba darɓa a kan sabon toho, wanda a iri da yawa ja yake fitowa kafin ya koma kore. Wardin daji irin su ‘Canary Bird’ sukan buɗe tun ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, masu hawa bangon da ke kallon kudu su biyo baya, sauran kuma sai mako na biyu ko na uku na Yuni, gwargwadon nisan wuri zuwa arewa.